Yadda ake koya wa 'yan sanda gano ƙarya

Rundunonin 'yan sanda a ƙasashe da dama suna horas da masu bincike kan yadda za su gane mai ƙarya daga kalamansa ko rubutunsa, sai dai masana na da ja game da ingancin wasu hanyoyin.

Lamarin yana da muhimmanci, domin kuskuren mai bincike kan iya kai marar laifi kurkuku, shi kuma mai laifin ya sha.

Tsarin Reid

Hanyar da ta fi shahara a Amurka ita ce ta John Reid, wani tsohon ɗan sanda a birnin Chicago, wanda ya wallafa littafi a kai tare da Fred Inbau a 1962.

Ana fara yi wa wanda ake zargi tambayoyi cikin lumana, ana lura da motsin jikinsa da yanayin maganarsa. Idan jami'i ya gamsu cewa ƙarya yake yi, sai ya bi matakai 9 na matsa masa har ya amsa laifi.

Masu suka sun ce matsin lamba kan sa marar laifi ya amsa abin da bai aikata ba. Suna misali da wasu matasa biyar da suka amsa laifin fyaɗe a New York a 1989, amma aka soke hukuncinsu a 2002, bayan gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna wani mutum ne daban.

Nazarin rubutu

Akwai kuma tsarin SCAN na Avinoam Sapir, tsohon jami'in 'yan sandan Isra'ila. Ana sa mutum ya rubuta abin da ya faru, sannan a duba inda ya daina cewa "ni", ko ya sauya sunan da yake kiran wani da shi, ko ya tsallake wani lokaci.

Gwaje-gwajen masana ba su tabbatar da cewa tsarin yana bambanta gaskiya da ƙarya ba.

Me bincike ya nuna?

A 2006 Charles Bond da Bella DePaulo sun haɗa sakamakon nazarce-nazarce 206, inda suka gano cewa mutane kan dace da kashi 54 cikin 100 ne kawai, wato kaɗan ya fi canki-canka.

Kawar da ido ma ba hujja ba ce. A al'adu da yawa, har da ta Hausawa, sunkuyar da kai a gaban babba ladabi ne.

Tsarin PEACE

Bayan an saki mutane shida a 1991, waɗanda aka ɗaure bisa kuskure kan harin bom a Birmingham, Ingila da Wales sun ɓullo da tsarin PEACE a farkon shekarun 1990.

Manufarsa ita ce tattara bayanai maimakon neman a amsa laifi. Jami'i kan bar mutum ya ba da labarinsa har ƙarshe, sannan ya gwada shi da shaidun da ke hannu.

Wani gwaji da Maria Hartwig da abokan aikinta suka yi a Sweden, aka wallafa a 2006, ya nuna cewa kuratan 'yan sandan da aka koya wa jinkirta bayyana shaidu sun gano gaskiya da kimanin kashi 85 cikin 100, waɗanda ba a koya wa ba kuwa kashi 56.