Baƙo da Mai Gida: Tarihin Jita a Cikin Al'adar Tiki

Gabatarwa

Malamai da 'yan'uwana ɗalibai, wataƙila wani zai yi mamakin ganin ɗalibin Hausa ya tsallake tekuna ya ɗauko zancen waɗansu tsibirai na tsakiyar Tekun Fasifik ya kawo cikin mujallarmu. Dalilina shi ne, a darussanmu na al'ada kullum muna tattauna maganar aro, watau yadda al'umma kan ari kalma ko sutura ko kayan kiɗa daga wata, har abin ya zama nata. To, ban taɓa cin karo da tarihin da ya fito da wannan magana fili kamar tarihin jitar Hawai da al'adar da Amurkawa ke kira tiki ba.

A Amurka da Turai akwai jama'a masu wannan sha'awa ta tiki. Sukan taru shekara-shekara, su sa riguna masu zanen furanni, su baje kolin sassaƙe-sassaƙe da kofuna masu fuskar mutum, makaɗa kuma su kwana suna kaɗa jita. Da yawa daga cikin sababbin shiga son jita ne ya jawo su. Abin da nake so in bi diddiginsa a nan shi ne inda wannan jita ta fito, da kuma hannun da ya fara kaɗa ta.

Yadda jita ta isa Hawai

Ita kanta jita baƙuwa ce a Hawai. A 1793 wani matuƙin jirgin ruwa Bature, George Vancouver, ya ba Sarki Kamehameha na Ɗaya kyautar shanu. Sarki ya hana a yanka su, suka yi ta hayayyafa har suka addabi gonaki. Wajen 1832, a zamanin Kamehameha na Uku, aka ɗauko makiyaya masu hawan doki daga yankin Mekziko, irin waɗanda muka sani da kaboyi a silima, domin su koya wa mutanen ƙasa kiwo. Labarin da mutanen Hawai suka gada shi ne waɗannan makiyaya ne suka zo da jita. Da suka koma gida sai masu ƙasa suka sassauta tsirkiyoyinta, suka ɗaure ta yadda za ta dace da waƙoƙinsu, suka kira wannan salo ki ho'alu, ma'ana sassautaccen ɗauri.

A 1879 kuma jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke 'yan ƙwadago daga tsibirin Madeira na Fotugal a Honolulu, domin aikin gonakin rake. Cikinsu akwai masassaƙa uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo. Daga 'yar ƙaramar jitar ƙasarsu mai tsirkiya huɗu aka sami abin kiɗan nan ukulele, wanda Sarki Kalakaua ya ɗaukaka a fadarsa. Mai karatu zai lura cewa a duk wannan aro, mai gida ne ya karɓi kayan baƙo ya juya su yadda yake so.

Joseph Kekuku

An haifi Joseph Kekuku a 1874 a garin La'ie na tsibirin Oahu. Wajen 1889, yana ɗalibi a makarantar Kamehameha ta maza, ya gyara wata sabuwar hanyar kiɗa. Maimakon ya rungumi jita ya danne tsirkiya da yatsu, sai ya kwantar da ita bisa cinya, ya ɗaga tsirkiyoyin sama kaɗan, ya riƙa zamar da wani sulɓaɓɓen ƙarfe a kansu da hannun hagu, na dama kuma yana tsinkar su. Da yake ƙarfen ba ya tsayawa a gaɓa ɗaya, sai sautin ya riƙa hawa da sauka ba yankewa, kamar muryar mutum mai rera waƙa. Wannan ita ce jitar ƙarfe, wadda mutanen Hawai ke kira kika kila.

Ta fito ne a mummunan lokaci ga masu ita. A 1893 waɗansu attajirai 'yan asalin Amurka da Turai, da goyon bayan sojan ruwan Amurka, suka tumɓuke Sarauniya Lili'uokalani. A 1896 aka yi dokar da ta mai da Ingilishi harshen koyarwa a makarantu, yara suka fara shan horo in sun yi harshen iyayensu. A 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran. Makaɗa da dama suka fita neman abinci, shi ma Kekuku ya bar gida a 1904, ya yi yawon kiɗa a Amurka da Turai, ya rasu a jihar New Jersey a 1932 bai sake komawa La'ie ba.

Amma kiɗan ya bi duniya. Bajekolin da aka yi a birnin San Francisco a 1915 ya sa Amurkawa suka haukace a kan kiɗan Hawai, faya-fayan garmaho suka kai shi lungu-lungu. Makaɗa irin su Sol Ho'opi'i suka yi suna a Los Angeles. Da ake neman hanyar ƙara wa jitar cinya amo, George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fitar da mai aiki da lantarki kasuwa a 1932, aka yi mata laƙabi da kaskon suya saboda siffarta. Shi ma Leo Fender da irin wannan jita ya fara sana'a a 1945. Ashe ke nan jita mai lantarki da samarinmu ke sha'awa jikar jitar Kekuku ce. Ko a nan gida, wanda ya saurari faifan Juju Music na King Sunny Ade, wanda ya fito a 1982, ya ji Demola Adepoju yana kaɗa wata irinta mai abin takawa da ƙafa.

Haihuwar tiki a Kalifoniya

A wajen Maori na New Zealand da mutanen tsibiran Markesas, Tiki sunan mutumin farko ne a cikin tatsuniyoyin asalinsu, kuma ana kiran sassaƙen da ke da siffar mutum da wannan suna. A Hawai ana ce masa ki'i, kuma abin girmamawa ne a addininsu na gargajiya. To amma al'adar da ta ɗauki sunan a Kalifoniya aka haife ta.

A 1933 aka janye dokar hana sayar da giya a Amurka. A wannan shekara wani mutumin Texas, Ernest Gantt, wanda ya yi yawo a tsibirai, ya buɗe mashaya a Holiwud wadda aka sani da Don the Beachcomber. Ya ƙawata ta da gora da taru da ganyen kwakwa. A 1934 Victor Bergeron ya buɗe tasa a Oakland, daga baya ya kwaikwayi Gantt ya sa mata suna Trader Vic's. In muka duba abin da ke cikin waɗannan wurare, giyar daga tsibiran Karibiyan take, abincin na mutanen kudancin Sin ne, da yawan ma'aikatan 'yan Filifin ne, adon kuma irin na silima. Kiɗan ne kawai za a ce ya fito daga Hawai da gaske, kuma shirin rediyo na Hawaii Calls, wanda aka watsa daga Waikiki tun daga 1935 har 1975, ya riƙa kai kukan jitar ƙarfe cikin ɗakunan Amurkawa kowane mako.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin da suka yi zama a Fasifik suka koma gida da begen wuraren. Tafiyar Thor Heyerdahl a kan kwalekwalen Kon-Tiki a 1947 ta ƙara baza sunan, kuma a 1959 Hawai ta zama jiha ta 50 ta Amurka. Gidajen tiki suka cika ƙasa, har Disneyland ta buɗe nata ɗakin a 1963.

A nan ne na ga abin da ya fi ba ni tausayi. Da tiki ta bunƙasa, sai ta sami kiɗan kanta. Les Baxter ya fara shi a 1951, Martin Denny ya fitar da faifan Exotica a 1957, inda fiyano da ganguna da kwaikwayon kukan tsuntsaye suka cika wuri. Jitar ƙarfen kuwa ta koma hannun wasu: 'yan'uwan nan biyu na Brooklyn, Santo da Johnny, sun kai Sleep Walk matsayi na ɗaya a 1959, makaɗan karkara na Nashville kuma suka mai da ita tasu. A Hawai samari suka fara yi mata kallon kiɗan otal na 'yan yawon buɗe ido, masu koyonta suka ragu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Baƙon da ya mai da aro

Akwai baƙo guda da ya kamata a ambace shi da alheri. An haifi Jerry Byrd a Ohio a 1920. Yana yaro ya ji waɗansu makaɗan Hawai masu yawo, kiɗan ya shiga ransa, ya koya har ya zama gwani a Nashville. A farkon shekarun 1970 ya bar wannan ɗaukaka ya ƙaura Honolulu, ya zauna yana koya wa 'ya'yan ƙasa kiɗan kakanninsu. Ɗaya daga cikin almajiransa, Alan Akaka, ya zama babban malamin jitar ƙarfe. Zuwan Byrd ya dace da lokacin da mutanen Hawai da kansu suka farka: Gabby Pahinui ya dawo da martabar ki ho'alu, a 1978 harshen Hawai ya zama harshen hukuma a jihar, a 1984 kuma aka buɗe makarantar yara ta farko ta Punana Leo, inda ake koyarwa da shi zalla.

Ita tiki ta dusashe a shekarun 1970, aka rushe gidajenta da yawa. Sababbin baƙi ne suka tono ta. Otto von Stroheim ya fara 'yar mujallar Tiki News a 1995, Sven Kirsten, Bajamushe, ya wallafa The Book of Tiki a 2000, aka kuma fara taron Tiki Oasis a Palm Springs a 2001. Fim ɗin Pulp Fiction na 1994 ya farfaɗo da kiɗan jita na masu wasan hawan igiyar ruwa, musamman Misirlou da Dick Dale ya kaɗa a 1962, shi ma ɗan asalin Labanon ne ta wajen uba. Samari masu son wannan kiɗa suka shigo tarukan tiki da jitocinsu. Wanda ya shigo ta wannan ƙofa, in ya ci gaba da tambayar wa ya koya wa wa, sai ya tarar da Fender, daga nan Ho'opi'i, daga nan Kekuku. A 2015 aka kafa mutum-mutumin Kekuku a La'ie, a 2016 kuma John Troutman ya fitar da littafin tarihin jitar mai suna Kika Kila. Duk da haka, waɗansu 'ya'yan Fasifik suna nuna rashin jin daɗinsu, ganin ana shan giya cikin kofunan da aka yi da siffar abin da kakanninsu suka girmama.

Kammalawa

A ganina wannan tarihi ya nuna mana aro iri biyu. Akwai wanda ya ɗauki sunan mutane da adonsu ya yi kasuwa da su, bai damu da halin da suke ciki ba, a daidai lokacin da ake hana 'ya'yansu harshensu a makaranta. Akwai kuma irin Byrd, wanda ya zauna ya koya, ya faɗi sunan masu abin, ya kuma mai da shi gida. Dukkansu baƙi ne, dukkansu kuma sun ce suna ƙaunar Hawai.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ɗaliban Hausa, duk lokacin da muka shiga ƙauye da rikoda domin ɗaukar mai gurmi ko mai garaya saboda kundin digiri, baƙi ne mu a wurin. Ya kamata mu rubuta sunansa da garinsa da wanda ya koya masa, mu kuma koma mu ba shi kwafen abin da muka ɗauka. Ina fata Ƙungiyarmu za ta tattauna wannan a zamanta na gaba, ta mai da shi ƙa'ida ga duk mai fita bincike.