Tsohon Sojan Bama da Sana'arsa

A Kaduna akwai barikin soja da a ke kira Dalet, da wani kuma Kalapanzin, a Zariya kuwa akwai Chindit. Mutane da yawa su kan wuce ta ƙofarsu kullum, ba su san asalin sunayen nan ba. Dalet da Kalapanzin wurare ne a ƙasar Bama, gabas da Indiya. Chindit kuwa sunan wata runduna ce wadda ta yi yaƙi cikin kurmin ƙasar a 1944, da bataliyoyi uku na Nijeriya a cikinta.

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, Turawan Ingila suka ɗebi samari daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Runduna ta 81 ta tashi cikin 1943, aka bi da ita ta teku zuwa Indiya, ta gwabza da mutanen Japan a kwarin Kaladan. Runduna ta 82 ta bi bayanta cikin 1944, a watan Janairu na 1945 kuma suka shiga garin Myohaung.

To, amma yaƙi ba da bindiga kaɗai a ke yinsa ba. Kafin sojan nan su kai Kaladan, sai da suka sare kurmi da adda da gatari, suka buɗe hanyar mota mai tsawon fiye da mil 70. Runduna tana bukatar direba da makaniki, da kafinta da tela, da mai buga waya da mai jinya. Saboda haka saurayin da ya bar gida fartanya kaɗai ya sani, sai ga shi an koya masa sana'a, har da karatun boko. Gaskiyar Hausawa, tafiya mabuɗin ilmi.

Yaƙi ya ƙare cikin 1945, yawancinsu suka komo gida a 1946, aka ba kowa kuɗin sallama. Nan fa aka rabu. Waɗansu suka zauna jiran aikin gwamnati, ko masinja ko ɗan doka, alhali guraben ba su isa ba, kuɗi suka ƙare. A Ankara ta Gwalkwas har tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano don kai kukansu wurin Gwamna ran 28 ga Fabrairu 1948, aka harbe uku daga cikinsu. Amma wanda ya sayi keken ɗinki, ko zarto da guduma, ko ya kama tuƙin babbar mota, shi ne ya ci da iyalinsa, ya kuma yaye yara masu koyo.

In ya tashi daga aiki da la'asar ba ya zaman banza. Wani ya kan karanta wa maƙwabta Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya rubuta musu wasiƙa. Wani ya tara yaran unguwa ya koya musu ƙwallon ƙafa da fareti. Wani kuwa lambu ya ke yi a bayan gida, ko ya zauna dara a gindin itace, yana ba da labarin ruwan saman Bama. Ran 11 ga Nuwamba ya goge lambobinsa ya tafi taron tunawa da mazan jiya, wanda yanzu a Nijeriya a ke yi ran 15 ga Janairu.

Yau kusan dukansu sun riga mu gidan gaskiya, kaɗan ne kuwa aka rubuta labarinsu. Ku da kuka fita daga ajin yaƙi da jahilci, alƙalami yana hannunku. In akwai gidan tsohon soja a unguwarku, ku je wurin 'ya'yansa da yaran da ya koyar, ku tambayi sunansa da rundunarsa, da sana'arsa da abin da ya ke so, ku rubuta ku adana tun masu sani suna da rai. Allah ya ji ƙansu, amin.