Cimar Iyali a Lokacin Bazara: Tarihin Rumbu, Itace da Lambu a Jamhuriyar Nijar

Gabatarwa

A lissafin Bahaushe, bazara ita ce ƙarshen rani, daga wajen watan Maris zuwa faɗuwar ruwan shuka a Mayu ko Yuni. A kudancin Jamhuriyar Nijar zafin wannan lokaci kan wuce digiri 40, ruwan rijiyoyi ya ja baya, hatsin rumbu ya yi ƙasa. A daidai lokacin ne kuma aiki ke jiran kowa: maza na sassabe da kai taki gona, mata na daka da jan ruwa, yara na kiwo da neman itace. Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tarihin cimar iyali a Nijar ya nuna cewa abubuwa uku ne suke riƙe da wannan ruwan ciki a bazara, wato rumbu da itace da lambu, kuma duk sa'ad da ɗaya ya raunana, a jikin ƙananan yara ake fara gani.

Tsarin da aka gada

A ƙauyukan Katsinar Maraɗi da Gobir da Damagaram, gandu shi ne tushen abinci. Bayan kaka mai gida kan rufe babban rumbu, ba za a buɗe shi ba sai aikin damina ya kankama. A tsakanin nan samari kan tafi cin rani don rage bakin ci, mata kuma su ciyar da kansu da 'ya'yansu daga amfanin ƙananan gonakinsu, waɗanda ake kira gamana a can, gayauna a Kano. Idan an ce hatsi a Nijar gero ake nufi, shi ake dama fura da shi da rana, a tuƙa tuwo da dare.

Gero kaɗai ba ya gina jiki yadda ya kamata, sai daji ya cike giɓin. Garin kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa su ne miya. Aduwa da magarya da goruba su ne abin taɓawar yara, ɗorawa kuma a bazara take nuna. Ana dafa ganyen jiga a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Idan shekara ta yi tsanani sai a koma ga 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita. Gawo kuwa ya sha bamban da sauran itatuwa, domin da damina yake zubar da ganye, ya yi kore da rani. 'Ya'yansa na ciyar da awaki a lokacin da ciyawa ta ƙare, nonon akuya kuma ya shiga furar yara. Saboda wannan daraja ne tarihin baka na Damagaram ya riƙe cewa sarakunan ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo.

Zamanin Faransawa

Faransawa sun kama Zinder a 1899. Harajin da suka ɗora na kuɗi ne, saboda haka manomi ya shiga sayar da hatsi tun da kaka, lokacin da ba shi da daraja. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa suka laƙaba wa suna Kakalaba, ta tarar da rumbuna ba ajiya. A 1931 fara ta cinye amfanin gona a yammacin ƙasar, aka ci gaba da karɓar haraji, jama'a da dama suka mutu, wasu suka yi ƙaura. Bayan haka ne hukumar mulkin mallaka ta tsananta dokar rumbunan ajiya na dole, inda kowane gida zai zuba hatsi ƙarƙashin idon hukuma. Talakawa ba su so tsarin ba, domin ya fitar da mabuɗin rumbu daga hannun mai gida.

Itace ma bai tsira ba. Dokar gandun daji ta 1935 ta sa muhimman itatuwa ƙarƙashin ikon gwamnati, har wanda ke tsakiyar gonar mutum. Noman gyaɗa kuma ya bazu a yankunan Maraɗi da Zinder, malaman gona suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal. Manomin da bai mallaki itace ba, ba shi da dalilin renonsa. A hankali miyar bazara ta yi nisa da gida.

Fari biyu da darasinsu

Farin da ya faro a ƙarshen shekarun 1960 ya kai maƙura a 1973, ya hallaka dabbobi masu yawa. Ranar 15 ga Afrilu 1974, ana tsakiyar bazara, sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma yadda aka tafiyar da taimakon abinci na cikin dalilan da suka bayar. Shekara goma bayan haka damina ta sake gazawa. Yunwar 1984 zuwa 1985 ta zo a lokacin da gwamnatin sojan Nijeriya ta rufe iyakokinta, hatsi ya daina ƙetarowa daga Kano da Katsina yadda aka saba, shi ya sa mutanen Nijar suka sa mata suna El-Buhari.

Daga wannan masifa abubuwa biyu suka fito. Na farko, gwamnatin Kountché ta yi gangamin noman rani, aka haƙa rijiyoyi a fadamu da bakin tafkuna, aka raba iri. Noman lambu tsohon abu ne a wurare irin su Galmi, mai shahararriyar albasa, amma a wannan karo ya shiga garuruwan da ba su san shi ba. Kabeji da karas da latas da tumatir da dankali suka fara isa tukunyar talaka daga hunturu zuwa farkon bazara. Zogale ma ya zama amfanin lambu, dambu da kwaɗonsa suka zama abincin yau da kullum a Yamai da Maraɗi.

Na biyu shi ne dawowar itace. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa duk bazara a gonakin Maraɗi tohon kututturan itatuwa ne masu rai. Idan manomi ya zaɓi reshe ɗaya ko biyu ya bari, ya datse sauran, cikin 'yan shekaru sai ya samu itace. Manoma suka kira wannan dabara sassaben zamani, suka yaɗa ta daga gona zuwa gona. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta cewa ta game kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, kuma gawo na da rinjaye a gonakin Zinder.

Shekarar 2005

Duk da haka, ƙarancin ruwa da farmakin fara a 2004 sun jefa ƙasar cikin wani hali a shekarar da ta biyo. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne tamowa ta fi tsanani a Maraɗi, yankin da ake ɗauka rumbun ƙasa. Akwai hatsi a kasuwa, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, yara da yawa kuma ba su samun komai sai tsinkakkiyar fura ba nono. Ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu matsananciyar tamowa a wannan shekara. Abincin da aka yi maganin da shi haɗin gyaɗa ne da garin madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki, wato kusan abin da kwaɗo da nonon akuya ke bai wa yaro idan akwai su a gida.

Kammalawa

Kowace yunwa da Nijar ta gani a ƙarni ɗaya ta nuna cewa cikar rumbu sharaɗi ne na farko, amma lafiyar iyali a bazara na buƙatar ganye da nono da wake ko gyaɗa a gefen hatsi. Jikin da zai yi sassabe cikin zafin Afrilu, ya kuma riƙe hauya a Yuli, daga wannan haɗi yake samun ƙarfi. Tamowar yara na nan har yanzu a Maraɗi da Zinder, yawan jama'a na ƙaruwa, gonaki na tsukewa. Gidan da ke da gawo a gona da zogale a lambu da akuya a turke ya fi maƙwabcinsa damar kai 'ya'yansa damina lafiya.