Gasar Jam'iyyu da Tallafin Marasa Aikin Yi a Nijeriya: Waiwaye Daga Abuja

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi yadda gogayya tsakanin jam'iyyun siyasa ta tsara irin tallafin da marasa aikin yi ke samu daga Gwamnatin Tarayya. A Ingila, jam'iyyar Liberal ce ta kafa inshorar rashin aiki da doka a 1911, lokacin da jam'iyyar Leba ke zawarcin ƙuri'un ma'aikata. A Nijeriya kuwa, abin da gasar ta haifar shi ne shirye-shirye na wucin gadi.

2.0 Daga PDP Zuwa APC

Gwamnatin Obasanjo ta PDP ta kafa shirin yaƙi da talauci na NAPEP a 2001. Bayan zanga-zangar janye tallafin man fetur ta Janairu 2012, gwamnatin Jonathan ta fito da SURE-P, wanda ya ɗauki matasa ayyuka. A yaƙin zaɓen 2015, APC ta yi alƙawarin biyan marasa galihu Naira 5,000 kowane wata. Da ta hau mulki, sai ta rushe SURE-P.

A Nuwamba 2015, a zauren Majalisar Dattawa da ke Abuja, Sanata Philip Aduda na PDP, mai wakiltar Babban Birnin Tarayya a lokacin, ya nemi a fara biyan matasa marasa aiki kuɗin. Rinjayen majalisar ya yi watsi da buƙatar. Wato dai 'yan hamayya ne suka koma masu tuni, masu alƙawari kuma suka noƙe. A 2016 aka ɓullo da N-Power, wanda ya riƙa biyan waɗanda suka kammala manyan makarantu Naira 30,000 a wata na ƙayyadajjen lokaci. Shi kuwa TraderMoni na 2018, PDP ta zarge shi da zama hanyar sayen ƙuri'a.

3.0 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa gasar ta ƙara yawan alƙawura, amma kowane shiri kan ɗauki tambarin gwamnatin da ta haife shi. Akasin haka, Dokar Fansho ta 2014, wadda ta bai wa wanda ya yi wata 4 ba aiki damar cirar kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa, ta tsallake canjin mulki na 2015. Tallafin da doka ta mayar haƙƙi ya fi na alheri tsawon rai.