Kashe gobara da ɗaukar marasa lafiya a birnin Gombe: ina matsayin ƙaramar hukuma?

Idan wuta ta tashi a wani gida ko shago a Tudun Wada da ke birnin Gombe, motar da za ta zo kashe ta ba ta ƙaramar hukuma ba ce. Ko dai ta Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Gombe ce, ko kuwa ta reshen Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya da ke jihar. Haka ma motar ɗaukar marasa lafiya, galibi ta asibiti ce ko ta wata hukumar jiha ko ta tarayya. Duk da haka, abubuwan da ke sa motar ta iso a kan lokaci ko ta makara, da yawansu kundin tsarin mulki ya ɗora su ne a wuyan ƙaramar hukuma.

A jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 aka jera ayyukan ƙananan hukumomi. Akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka tare da kula da su, da gina tituna da magudanun ruwa da fitilun kan hanya, da raɗa wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba, da kwashe shara, da sa ido kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi. Ba a ambaci kashe gobara ba ko sau ɗaya. Ba a kuma sa shi cikin jerin ayyukan da tarayya ta keɓe wa kanta ba, ko waɗanda take tarayya da jihohi a kansu, shi ya sa masana shari'a ke ɗaukarsa a matsayin ragowar iko da ke hannun jihohi. Game da lafiya kuwa, abin da jadawalin ya ce shi ne ƙaramar hukuma ta shiga cikin samar da ayyukan kiwon lafiya tare da gwamnatin jiha.

Ba haka aka tsara tun farko ba. Ƙa'idojin garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, sun lissafa kashe gobara da motocin ɗaukar marasa lafiya cikin ayyukan da ya kamata a ɗauka na ƙananan hukumomi ne, ko da yake jiha na iya riƙe su har sai ƙaramar hukuma ta yi ƙarfi. Da aka zo rubuta kundin 1979 sai sunayen ayyukan biyu suka ɓace daga jadawalin, na 1999 kuma ya bi sahu. Riƙon ƙwarya ya zama na dindindin.

Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya ta samo asali ne daga rundunar kwana-kwana ta Legas da ke ƙarƙashin 'yan sanda zamanin Turawa, kafin dokar 1963 ta ba ta gashin kanta. A yau tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma tana da kwalejin horar da jami'ai a Sheda, kusa da Abuja. Ita kuwa ta jiha, kasafin kuɗinta da albashin ma'aikatanta daga gwamnatin Gombe suke fitowa, jihar da aka yanka daga Bauchi ranar 1 ga Oktoban 1996. Majalisar Dokokin Jiha ce ke da ikon kiran shugabanninta su yi bayani. Kansilan mazaɓa ba shi da wannan iko, sai dai ya kai koke kamar kowane ɗan gari.

To sai dai motar kwana-kwana ba ta tashi sama. Tudun Wada unguwa ce mai cunkoso, a nan Jami'ar Jihar Gombe take tun kafa ta a 2004, kuma zuwan ɗalibai ya jawo ɗakunan haya da shagunan caji da masu sayar da iskar gas ta girki. Idan rumfuna suka cinye bakin titi, ko aka toshe lungu da tulin shara, ko gida ba shi da lambar da mai kira zai faɗa sai kwatance da masallaci ko bishiyar darbejiya, mintunan da ake asara ba daga tashar kashe gobara suke zubewa ba. A kasuwa abin ya fi tsanani. Wanda ke raba rumfuna yana karɓar haraji shi ne ya fi kowa ikon barin hanyar da mota za ta ratsa, kuma shi ne aka fi jarabta da sayar da wannan filin. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska ta bushe, mutane na shiga ɗaki da garwashi, wuta ba ta jiran a janye teburin mai tumatir.

A nan ma ikon a rarrabe yake. Izinin gini a babban birnin jihar yana hannun hukumar tsara birane ta jiha, ruwan famfo da ake turowa daga madatsar Dadin Kowa na hukumar ruwa ce, wayoyin lantarki kuma na kamfanin rarraba wuta na Jos. Wannan ne ya sa bayan kowace gobara ake samun hukumomi da dama a wurin jaje, amma da wuya a samu ɗaya da za a ce ita ce mai laifi.

Ɓangaren ɗaukar marasa lafiya ya fi samun sabbin dokoki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke buƙatar kulawar gaggawa, wanda ya saɓa kuma zai iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar tarayya, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun domin jinyar gaggawa. Da wannan kaso ake tafiyar da shirin NEMSAS, wanda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 domin biyan kuɗin ɗauko majinyaci da jinyarsa ta farko. Ta hannun jihohi shirin ke sauka, ba ta sakatariyar ƙaramar hukuma ba.

A aikace, mai naƙuda da jini ya ɓalle mata cikin dare a Tudun Wada ta fi isa Asibitin Ƙwararru na Jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Keke Napep ko motar maƙwabci. Haɗarin mota kuwa aikin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ne, wadda aka kafa a 1988, lambarta ita ce 122. Lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya, 112, kyauta ce, kuma cibiyoyin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta gina ne ke karɓar kira su tura wa 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana ko asibiti. A maƙwabciya Nijar, sojojin kashe gobara ne ke haɗa ayyukan biyu, da kashe wuta da ɗaukar waɗanda suka jikkata, a lamba 18.

Akwai kuma agaji bayan ɓarna. Tsarin da ya biyo bayan kafa hukumar NEMA a 1999 ya tanadi hukumar agajin gaggawa a kowace jiha da kwamiti a kowace ƙaramar hukuma. Wannan kwamiti shi ne ƙofar da ta fi kusa da mai unguwa da shugaban 'yan kasuwa, amma a wurare da yawa ba a jin ɗuriyarsa sai ranar rabon buhunan shinkafa da kwanon rufi.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Hukuncin bai mayar musu da aikin kashe gobara ba, domin bai taɓa jadawali na huɗu ba. Abin da ya sauya, idan aka aiwatar da shi yadda ya kamata, shi ne uzurin rashin kuɗi. Shugaban Ƙaramar Hukumar Gombe, ɗaya daga cikin 11 da ke jihar, ba ya buƙatar gyaran kundin tsarin mulki kafin ya sa a buɗe hanyoyin cikin kasuwa, a haƙa rijiyar burtsatse da tankin da motar kwana-kwana za ta ɗebi ruwa, ko a liƙa wa gidajen Tudun Wada lamba.