Fuska Ba Murya: 'Yan Asalin Amurka a Tsofaffin Finafinan Kaboyi

Masu nazarin fim kan auna wakilci da ƙidayar fuskoki, wato mutum nawa daga wata al'umma suka bayyana a allo. Wannan ma'auni ya gaza, kuma tsofaffin finafinan kaboyi na Hollywood sun isa hujja. 'Yan asalin Amurka sun cika su maƙil. Abin da aka hana su shi ne magana da ikon tsara labari.

Aikin darakta John Ford ya fi nuna haka ƙarara. Tun daga Stagecoach na 1939 ya riƙa ɗaukar finafinansa a Monument Valley, ƙasar Nabaho da ke iyakar Arizona da Utah. Nabaho ne ke sukuwa a kan dawaki, amma labarin ya kira su Apachi. A The Searchers na 1956 kuma suka koma Komanchi, wai a Texas. Al'ummu masu harsuna da tarihi mabambanta aka yi wa kuɗin goro, domin buƙatar fim ɗin ita ce abokin gaba mai tasowa daga bayan tsauni, ba mutum mai gida da dangi ba.

Idan kuwa rawar tana da magana, sai a miƙa ta ga bare a shafa masa launi. Henry Brandon, haifaffen Jamus, shi ya fito a matsayin Scar, shugaban Komanchi a The Searchers. Jeff Chandler ya zama Cochise, shugaban Apachi, a Broken Arrow na 1950, Burt Lancaster kuma jarumin fim ɗin Apache na 1954. Rabon aikin a fili yake: masu ƙasa su yi ihu su faɗo daga doki, baƙi su yi jawabi da yawunsu.

Akwai masu cewa an matsa wa finafinan nan. Ford ya samar wa Nabaho aikin yi a lokacin ƙunci, Broken Arrow ya nuna Cochise a matsayin dattijo mai cika alkawari, Cheyenne Autumn na 1964 kuma ya tausaya wa Shayen da aka raba da ƙasarsu. Duk gaskiya ne. Sai dai a Broken Arrow, Tom Jeffords, wanda James Stewart ya taka, shi ke ba da labari. A Cheyenne Autumn kuma hafsan sojan Amurka ne. Tausayin ya sauya hukuncin da ake yanke musu, amma alƙalin bai sauya ba.

Sauyi na haƙiƙa ya bayyana a finafinai irin su Smoke Signals na 1998, wanda Chris Eyre ya ba da umarni, Sherman Alexie ya rubuta, dukansu 'yan asali. Saboda haka, mai nazarin wakilci ya fara da tambayoyi uku: wa ya rubuta, da idon wa ake kallo, wa ke da ta cewa a ɗakin tacewa? Da wannan ma'auni, tsofaffin finafinan suna da amfani a matsayin shaida kan yadda Amurka ta so ta tuna mamaye yammacinta, ba kan rayuwar waɗanda aka mamaye ba.