Kaset Ɗin Tsoro: Tarihin Finafinan Fatalwa Da Tsafi A Rumfunan Bidiyon Wagadugu



Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Zangon Wagadugu tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon shekarun 2000 ya san rumfar bidiyo. Fili ne da aka kewaye da zana ko tsohon kwano, ga bencina a jere, ga talabijin guda bisa tebur, sai allo a bakin ƙofa da aka rubuta finafinan ranar da alli. Da dala goma yaro zai shiga. Da la'asar akan sa na karate ko na Indiya, in dare ya yi a sa na tsoro. Bayan an tashi kuwa, samarin da suka yi ta cika baki a ciki sai ka ga babu mai yarda ya bi lungu shi kaɗai, kowa na karanta Ayatul Kursiyyu a zuci.

Abin lura shi ne, duk wannan yana faruwa ne a birnin da ake yi wa kallon hedikwatar finafinan Afirka. Tun 1969 ake bikin FESPACO a nan, kuma a 1970 gwamnati ta karɓe gidajen sinima daga hannun kamfanonin Faransa. Sai dai bikin mako guda ne a shekara biyu, ragowar kwanakin kuwa na rumfa ne. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kuɗin shiga sinima ya ƙara yi wa talaka nauyi, rumfar ta ƙara cika. Jean-Marie Teno, ɗan Kamaru, ya ɗauki irin wannan rumfa a unguwar Saint-Léon cikin fim ɗinsa Lieux Saints na 2009. Amma babbar gasar FESPACO ba ta buɗe ƙofa ga finafinan da ba a ɗauka da faifan sinima mai tsada ba sai a 2015. Ke nan abin da jama'a suka fi kallo shi ne abin da tarihi ya fi mantawa da shi.

Me ya sa finafinan tsoro suka yi yawa a kaset? Amsar a aljihu take. Fim ɗin yaƙi yana buƙatar dawaki da runduna, na soyayya yana buƙatar fuskar da aka sani. Na tsoro kuwa duhu da kango da jan ruwa sun ishe shi. Misalin da ya fi shahara shi ne Night of the Living Dead, wanda George Romero ya yi a 1968 kusa da birnin Pittsburgh na Amurka, da kuɗin da bai wuce dalar Amurka dubu 114 ba, jaruminsa kuma baƙar fata ne, Duane Jones. Masu rarraba fim ɗin sun yi sakaci, suka fitar da shi babu alamar haƙƙin mallaka, don haka ya zama na kowa. Da kaset ya zo, duk mai na'urar kwafi ya buga ya sayar. Wasu suka bi sahu: Lucio Fulci a Italiya da Zombi 2 a 1979, Sam Raimi a Amurka da The Evil Dead a 1981. Yawan jinin da ke cikin irin waɗannan kaset ya tayar da ƙura a Ingila har majalisa ta kafa dokar tace bidiyo a 1984.

Ita kalmar zombi ba a Amurka aka haife ta ba. Daga Haiti ta fito, ƙasar bayin da suka 'yanta kansu a 1804, kuma masana da dama suna danganta asalinta da harsunan yankin Kwango. A can, zombi ba gawa ce mai cin naman mutane ba. Mutum ne da boka ya raba shi da hankalinsa da nufinsa, ya tashe shi daga kabari, ya sa shi noman rake babu lada babu hutu. Wato tsoron bawa ne cewa ko mutuwa ba za ta 'yanta shi ba. Haka fim ɗin White Zombie na 1932 ya nuna su, suna juya injin matsar rake. Romero ne daga baya ya mai da gawawwakin taron mayunwata. Mai karatu ya riƙe wannan ma'ana ta farko, ta cin gumin wani da ransa, domin za mu sake haɗuwa da ita.

Gaskiyar magana, gawar Turawa mai tafiya tana jan ƙafa ta fi ba mu ƙyama da dariya bisa tsoro. Bahaushe Musulmi yana wanke mamacinsa da hannunsa, ya sallace shi, ya rufe shi a ranar, ya kuma san cewa babu tashi sai ranar tashi. Abin da ke tayar masa da tsikar jiki daban ne: fatalwa, da aljanin da ke tare hanya, da dodon tatsuniya, da maye mai kama kurwa. Shi ya sa na Indiya suka fi shiga jiki. 'Yan gidan Ramsay na Bombay, wasu 'yan uwa da suka raba aikin fim a tsakaninsu don rage kashe kuɗi, sun yi Purana Mandir a 1984 da Veerana a 1988. Akwai kuma Nagina na 1986, inda Sridevi ta fito a macijiya mai rikiɗa mace. Tsinuwar da ke bin zuriya, da aljanar da ke aurar ɗan Adam, da laya mai korar mugun abu, duk wannan babu wanda ke buƙatar tafinta a Zango.

Babban sauyi ya zo ne lokacin da maƙwabtanmu suka ɗauki kyamarar da kansu. A Gana, William Akuffo, wanda sana'arsa nuna finafinai ce, ya fitar da Zinabu a 1987, ɗaya daga cikin finafinan bidiyo na farko a ƙasar. Labarin wani talaka ne da wata mayya mai dukiya ta azurta shi bisa sharaɗi. Daga baya ya yi Diabolo, labarin mutumin da ke rikiɗa maciji, yana halaka mata don samun kuɗi. A Najeriya kuma, ɗan kasuwa Kenneth Nnebue ya fitar da Living in Bondage a 1992 cikin harshen Ibo. Andy, wanda talauci ya ishe shi, ya shiga ƙungiyar asiri, ya ba da matarsa Merit don ya yi arziki. Arzikin ya zo, amma fatalwar matar ta hana shi sakat har ya haukace. Nneka the Pretty Serpent ya biyo baya a 1994. Daga kasuwar Idumota ta Legas da titin Iweka na Anacha, kaset ɗin suka bi hanyoyin da goro da atamfa suka saba bi, ta Kwatano da Lome da Kumasi da Yamai, har suka iso nan. Da faifan CD ya maye gurbin kaset, kwafi ya ƙara araha, yaɗuwar ta ƙara sauri.

A nan ne ma'anar farko ta zombi ta dawo gida. A cikin waɗannan finafinai, mamaci ba shi ne mugu ba, shi ne wanda aka zalunta. Mugun yana raye, yana sanye da babbar riga, yana raba kuɗi a biki. An yi su ne a shekarun da tsarin tsuke bakin aljihu ya talauta masu albashi, alhali wasu suna kwana matalauta su wayi gari da mota. Jama'a suna tambayar daga ina, kaset kuma ya ba su amsa mai sauƙi: daga jinin ɗan uwa. Ga al'umma irin tamu, wadda kakanninta fatake suka gina ta bisa amana, inda maigida ke riƙe dukiyar baƙo babu takarda, babu abin da ya fi wannan ban tsoro. Dodon da ke daji ana iya kauce masa. Wanda kuke cin tuwo a kwano ɗaya fa?

Kano ta bi wata hanyar. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, shi ake lissafawa a matsayin mafarin kasuwar bidiyon Hausa, amma kasuwar ta karkata ga soyayya da rikicin gidan aure da waƙa irin ta Indiya. Bayan dawo da shari'a a 2000, aka kafa hukumar tace finafinai ta jihar a 2001. Tsoro bai zama babban reshe mai zaman kansa ba. Sai ya ɓuya cikin labarin iyali: kishiya ta tafi wurin boka, boka ya kira aljani da murya mai amsa kuwwa da hayaƙin kwamfuta, a ƙarshe malami ya karya sihirin da addu'a. Ko a nan ma, muguntar daga cikin gida take fitowa.

To, sai dai akwai inda ya kamata mu tsaya mu yi wa kanmu hisabi. Fim ɗin da ya koya maka cewa mugu yana kusa, ya kuma koya maka neman fuskar da za ka ɗora wa laifi. Sunan mayyar Akuffo, Zinabu, ai Zainabu ce, sunan 'yan zango. Kuma a wannan ƙasa zargin maita ba wasan kwaikwayo ba ne. A unguwar Tanghin ta nan Wagadugu aka kafa cibiyar Delwendé, wadda ta ba ɗaruruwan mata mafaka, galibi tsofaffi da zawarawa da aka kora daga ƙauyukansu bisa zargin cin kurwa. Idrissa Ouédraogo ya taɓo wannan a Yaaba na 1989, labarin tsohuwar da gari ya ƙaurace mata. Pierre Yaméogo ya fito da shi ƙarara a Delwende na 2005, inda ya nuna al'adar siongho ta Mosawa, wadda ake cewa mamaci ne ke jan masu ɗauke da shi zuwa ga wanda ya kashe shi. A fim ɗin, sanƙarau ne ke kashe yara, amma mace aka kora. Ga gawa mai nuna hanya a ƙofar gidanmu, kuma ɓarnarta ta fi ta kowane zombi na Italiya. Ba kaset ne ya haifi wannan zargi ba, ya girme shi nesa. Amma duk labarin da ya ƙare da tona asirin tsohuwa mayya ya ƙara wa wutar itace.

Yau rumfar ta kusa zama labari. A 2003 aikin ZACA ya rushe tsohon Zangouettin da unguwannin da ke maƙwabtaka da shi, dubban mutane suka watsu zuwa Nioko da gefen Ouaga 2000 da sauran wurare. Abin da katafila ta bari, wayar hannu ta ƙarasa. Yanzu yaro yana kallon fim ɗin tsoro da fassarar Hausa shi kaɗai a ɗaki, babu wanda zai yi masa dariya ya rage masa fargaba, babu babba a bencin baya da zai ce masa wannan jan ruwa ne kawai. Su kuma kaset ɗin, zafi da ƙura suna cinye su, kuma da yawa ba su da wani kwafi a ko'ina.

Saboda haka, wanda ke da tsohon kwali na kaset ko faifai a ƙarƙashin gado, kada ya zubar. Wanda kuma yake da dattijon da ya taɓa riƙe rumfa, ya zauna da shi ya rubuta abin da ya tuna: ina rumfar take, daga ina kaset ke zuwa, wane fim ne ya fi cika benci. Finafinan ba su da kyawun hoto, sautinsu ma sau da yawa a shaƙe yake, amma sun adana abin da jama'a ke tsoro a wani zamani, wanda littattafan makaranta ba su rubuta ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mu daga zalunci da kuma zargin wanda bai ji ba bai gani ba.